Kwaɗon Ruwa ko Kwaɗon Ƙofa

Akwai abubuwan da suka same ni waɗanda in na tashi ba da labarinsu sai na tsaya na tambayi kaina ko haka suka faru, ko kuwa tsufa ne ya yi musu kwaskwarima. Wannan da zan faɗa ba ya cikinsu. Ko da za a kwashe duk abin da ke kaina a bar mini abu guda, na tabbata makon da na yi ina bin sawun wani kwaɗo tsakanin Ƙaraye da ƙasar Rogo shi ne zai rage. Har gobe in na tuna shi sai dariya ta kama ni, ko da kuwa ina cikin mutanen da ba a yi musu dariya.

Abin ya faru ne a shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, ko kuma wadda ta biyo bayanta. Ba zan rantse a kan ɗaya ba. Na dawo gida ke nan daga jami'a, inda na karanci tsara gine-gine, ina jiran a kira ni aiki. A wancan lokacin ina da wata ɗabi'a da ta addabi kowa: ba na iya faɗin magana sai na ɗaura mata "mai yiwuwa" a gaba, na ɗaura mata "amma ban tabbata ba" a baya. In aka tambaye ni ƙarfe nawa, sai na faɗa, sannan na ƙara da cewa agogona yakan yi gaba kaɗan. Baffana, yayan mahaifina wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifin nawa, Injiniya yake kirana. Kullum sai na gyara masa cewa ni ba injiniya ba ne, mai tsara gini ne, shi kuma kullum sai ya ce, "To, Injiniya, na ji."

Gidanmu da ke Ƙaraye kakanmu ne ya gina shi, wani bafataken goro da ban riske shi da rai ba. Ginin tubali ne, kaurin bangonsa ya kai mutum ya kishingiɗa a kai. Zauren shi ne abin kallo. Rufinsa ɗaurin guga ne, wato bakuna na azara da ƙasa da suka taso daga kowane bango suka haɗu a tsakiya, kuma a daidai mahaɗar an kafa wani farantin tangaran mai shuɗin baki. Komai zafin rana, in ka shiga sai ka ji kamar ka sa ƙafa a randa. Daga waje kuwa zankwaye ne a kan kusurwoyi kamar kunnuwan zomo, fuskar bangon duk an cika ta da zane mai tudu, dagi na bin dagi, an shafe da makuba har ya yi duhu yana sheƙi. A saman ƙofa, daidai tsakiya, akwai wata sura mai faɗin faifai, mai ƙumburarren jiki da wasu abubuwa huɗu da suka miƙe ta gefe. Saboda ita duk garin ke kiran gidanmu Gidan Kwaɗo.

Baffa ya dawo daga aikin hajji da niyya biyu. Ta farko, zai mai da zauren kanti, ya fasa wa mutanen gida wata ƙofa ta lungu. Kaka ta gabato, manoman gyaɗa za su shigo gari da abin hannunsu, yana son su tarar da fitila da bokiti da sabulu da ƙusa a jere. Wannan ban yi jayayya da ita ba, domin zauren da ba a zama a cikinsa jemagu ke gadonsa. Ta biyu ce ta hana ni cin tuwo. Ya ce za a sassaƙe fuskar bangon gaba ɗaya, a yaɓe da siminti, a shafa shuɗin fenti, a rubuta sunan kanti da manyan baƙaƙe.

Na bi shi har gindin ɗorawar da yake hutawa, na yi masa bayani mai tsawo a kan cewa siminti ba ya zama lafiya da jar ƙasa, kuma maginan da suka iya irin wannan zane sun kusa ƙarewa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Injiniya, kai ba a yi maka kukan kwaɗo a makarantar allo ba. Ni tun ina yaro, in na wuce sai na ji 'ƙurrr, ƙurrr' a bayana. Ranar ɗaurin aurena taubasaina suka aiko mini da kwaɗo mai rai a cikin ƙwarya, wai ga kakana ya zo shaida. Yanzu kuma na je na ga Ɗakin Allah, na dawo na zauna ina ciniki ƙarƙashin surar abu mai rai? Ka tambayi Liman ka ji."

Aka kuwa tambayi Liman. Washegari da hantsi ya zo, dattijo ne mai fara'a, abokin Baffa tun na ƙuruciya. Muka tsaya a ƙofar gida mu huɗu, da shi da Baffa da ni da birkilan da aka ɗauko daga Kano, wanda ya riga ya jibge buhunan siminti a kan dakali. Bayan an gama gaisawa, an tambayi gajiya da iyali da ruwan bana, Liman ya ɗaga kai ya daɗe yana duban surar.

Ya ce, "Alhaji, magana ɗaya ce. In kwaɗon ruwa ne, sura ce ta mai rai, cire ta ya fi. In kuwa kwaɗon ƙofa ne, wanda ake kulle ɗaki da shi, to ƙarfe ne, babu ruwan kowa da shi. Ni idona ya yi rauni. Ga wanda ya je ya karanto gini, a tambaye shi."

Baffa ya juyo gare ni. "To, Injiniya. Na ruwa ne ko na ƙofa? Abin da ka ce shi za a yi. In na ƙofa ne, na bar maka bangonka duka."

Jama'a, kalma uku kawai ake nema daga bakina. Da na ce "na ƙofa ne", da an watse, da birkila ya kwashe simintinsa ya je ya yi daɓen ciki. Na ɗaga kai na dubi abin. Shekara da shekaru ana yi masa yaɓe a kan yaɓe har siffarsa ta cushe, ga gidajen zanzaro sun cunkushe tsakiyarsa. Akwai wani lanƙwasasshen abu a samansa da zai iya zama hannun kwaɗon ƙofa. Amma abubuwan nan huɗu na gefe, in ba son zuciya ba, ƙafafu ne. Na buɗe baki, zuciyata na cewa faɗi, harshena ya ƙi.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, gaskiya ban tabbata ba."

Birkila ya ƙyalƙyale da dariya har ya dafa bango. "Yallaɓai, duk karatun nan ba a koya muku bambanta kwaɗo da kwaɗo ba?"

Liman ya yi murmushi ya ce a ba ni lokaci na bincika. Baffa ya ce ya ba ni zuwa Juma'a. In aka sauko daga masallaci ban zo da tabbas ba, guduma za ta yi aikinta.

Na fara da maƙwabcinmu, wani tsohon maƙeri da kunnensa ya yi nauyi, sai an yi masa magana kamar ana kiran wanda ke ƙetaren rafi. Da ya gane abin da ya kawo ni, sai ya buga cinya. "Na ƙofa ne mana! Kakanka ne ya fara shigo da kwaɗon ƙarfe garin nan daga tafiyarsa ta goro. Mutane har kallo suke zuwa. Ubana ya yi ta juya shi yana neman inda aka haɗa, bai gani ba." Na ji kamar na rungume shi. Har na miƙe zan ruga wurin Baffa, sai wannan ɗabi'a tawa ta riƙe mini riga. Na koma na durƙusa na ɗaga murya na ce, "Baba, da idonka ka ga ana yin zanen?" Ya ce, "Wa? Ni? Ai lokacin ina goye."

Na yi masa godiya na fito. Shaidar ji ce, ba ta gani ba. Waɗanda na tambaya bayansa kuwa duk ɓangaren Baffa suka bi. Suka nuna mini kududdufin da ke bayan gidanmu, suka ce daga nan aka haƙi ƙasar ginin, ramin ya tara ruwa, kwaɗi suka tare a ciki, maginin ya ga maƙwabtan da ya jawo wa gidan ya sa shugabansu a bisa ƙofa. Magana ce mai ma'ana, abin haushi. Kuma da yake ƙarshen damina ne, duk lokacin da na zaga bayan gida sai na ji su suna ta yi, kamar su ma shaida suke bayarwa.

Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya ga ginin gidan da idonsa: ƙanwar kakanmu, autar ɗakinsu, wadda aka kai aure wani ƙauye a Fulatan tun kafin a haifi Baffa. Duk gidan Gwaggo muke kiranta, amma ni a wurinta jika ne, don haka tsakaninmu sai wasa. Na hau motar kasuwa zuwa Rogo, daga nan na ari keke. Hanyar duk taɓo ce, ni kuwa na sa farar riga na yi zanzaro da takalmi sau-ciki, domin a ganina bincike ba ya yiwuwa da shigar banza. Kafin na isa, ni da keken ba a gane wanda ya hau wani.

Na tarar da ita a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta kare ido da hannu ta dube ni sama da ƙasa. "Lale da maigidan! Wannan wace irin tsiya ce, miji ya zo wurin amarya kamar an tono shi daga rami? Ina tsarabata?"

Na ce, "Gwaggo, ni na sake ki tun bara, tsohuwa ba ta yi mini."

"Ka sake ni ka je ina? Wa zai kwashi mai wuya kamar mariƙin lema?"

Sai da ta sa aka ba ni ruwa na wanke ƙafa, na sha fura, ta tambayi kowa na gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ta bar ni na faɗi abin da ke tafe da ni. Na tsara tambayata tun a hanya don kada na sa mata amsa a baki. Na ce, "Gwaggo, me ya sa ake kiran gidanmu Gidan Kwaɗo?"

Ta ce, "Au, wannan ne ya sa ka sha taɓo? Ai saboda kwaɗo ne."

"Wanne? Na ruwa ko na ƙofa?"

"Na ci."

Na yi zaton ban ji daidai ba. Ta ce lokacin da ake ginin, matar Yaya, wato kakarmu, kullum sai ta kwaɗa rama da ƙuli-ƙuli cike da akushi ta aika wa magina. Daɗinsa ya sa har waɗanda ba a ɗauka aiki ba suke zuwa su taya cuɗa ƙasa don su samu loma. In aka tambayi mutum ina za shi, sai ya ce gidan kwaɗo.

Na zo da kwaɗo biyu, ga shi an ƙara mini na uku. Na yi ƙoƙarin nuna mata, cikin ladabi, cewa kwaɗon ci da kwaɗon ruwa ba faɗarsu ɗaya ba, na ruwa ana ɗan jan farkonsa, kuma sunan gidanmu da ja ake faɗarsa. Ta watsa ɓawon gyaɗa gefe ta ce, "Sunan da aka yi shekara da shekaru ana ja a bakin mutane, ba dole ya yi tsawo ba?"

Da na gaya mata cewa ranar Juma'a za a sassaƙe bangon, sai hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya. Sannan ta ce ita ba za ta ƙara cewa komai ba sai a gaban bangon, kuma in ina son shaida to na san yadda zan yi na kai shaida kotu. 'Ya'yanta suka ce ƙafarta ba ta da lafiya, rabonta da Ƙaraye an daɗe. Ta ce ƙafar ai ba ita za ta tuƙa motar ba. Haka muka taho, an ɗora ta a kan jaki zuwa bakin hanya, daga nan aka sa ta gaban wata motar gyaɗa kusa da direba, ni kuwa ina baya a kan buhuna, rungume da ƙullin kayanta da wata kaza da ta ce tsarabar Baffa ce.

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci, ƙofar gidanmu ta cika. Labari ya zaga gari cewa za a yi wa kwaɗo shari'a. Tsohon maƙeri ya zo da kujerarsa, taubasan Baffa suka zo musamman don tsokana, mata suna leƙe ta kan katanga. Gwaggo ta hakimce a kan dakali, ta jingina da buhun siminti. Na tsaya a gaban Liman na ba da rahoto kamar yadda na samo shi, ban rage ba ban ƙara ba: mutum ɗaya ya ce na ƙofa ne amma yana goye aka yi, jama'a da dama sun ce na ruwa ne amma babu wanda ya gani, wadda ta gani kuma ta ce na ci ne. Wurin ya kaure da dariya. Wani daga cikin taubasan ya ce, "Alhaji, ashe ba jikan kwaɗo ba ne kai, jikan rama ne!"

Liman ya juya wurin Gwaggo ya ce, "Iya, ko akwai abin da za ki ƙara?" Ta ce ita tukuna kallo take yi.

Ya ce, "To, ɗana, kai fa? Ina ka tsaya?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, inda nake nan nake. Ban tabbata ba."

Ya jinjina kai ya ce abin da ake kokwanto a kansa barinsa ya fi, kuma tunda mai gida hankalinsa bai kwanta ba, a cire. Baffa bai yi murna kamar yadda na zata ba, ya dai ce wa birkila bismillah. Birkila ya jingina tsani ya ɗauki guduma.

A nan ne na roƙi alfarma ɗaya. A duk kwanakin nan ban taɓa surar da hannu ba, domin an koya mana cewa tsohon aiki ba a ƙwaƙule shi sai an gama tambaya. Yanzu tunda rushe ta za a yi, na ce a bar ni na share ta, na auna ta, na zana ta a takarda, ko don jikoki su san abin da aka yi asara. Baffa ya ce, "Hau, Injiniya. In ba ka auna ba ai ba za ka yi barci ba."

Na hau tsani da tsinken tsintsiya da jiƙaƙƙen tsumma, rigata a cuse cikin wando kamar kullum. Wani daga ƙasa ya ce, "Ku zo ku ga ɗan zanzaro zai rushe gidan zanzaro!" Na yi kamar ban ji ba. Na fara ɓamɓare gidajen nan na laka ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ƙasa na zubo mini a fuska. Na share ƙafafun, suka fito sarai har da yatsu. Na share kan, ga idanu biyu ƙuru-ƙuru. Na ce a raina shi ke nan, Baffa ya yi gaskiya. Sai na zo tsakiyar cikin, inda gidan zanzaro mafi girma yake. Na ɓalle shi, na ga ƙasar da ke ƙarƙashinsa ba irin ta bangon ba ce, ta fi laushi. Na sa tsinke, tsinke ya shige. Na sa yatsa, yatsa ya shige. Na hura, na goge da tsumma, na ja da baya iyakar yadda tsani zai bari.

Rami ne da aka yi da gangan, gefensa sumul: zagayayye daga sama, da siririn tsagi ya sauko ƙasa. Duk wanda ya taɓa riƙe makulli ya san wannan kafa.

Ban san lokacin da na ƙwala ihu ba. Ni da ban taɓa faɗin magana ba tare da "mai yiwuwa" ba, sai ga ni a kan tsani ina ɗaga tsumma sama ina cewa, "Kafar makulli! Wallahi kafar makulli ce! Yana da ƙafafu kuma yana da kafar makulli!" Tsanin ya yi gefe, birkila ya yar da guduma ya rungume shi, ni kuma na rungumi indararo. Tsohon maƙeri yana ta tambaya, "Me ya ce? Ya faɗo ne?" Da aka yi masa ihu a kunne, sai ya miƙe tsaye ba sanda, yana cewa, "Ban gaya muku ba? Ban gaya muku ba?" Taubasan Baffa kuma suna nuna ƙafafun suna cewa su ma ai sun faɗa. Kowa ya ci shari'a, kowa na murna, har da waɗanda ba su san abin da ake yi ba.

Gwaggo kuwa dariya take yi har hawaye na bin kumatunta. Da ta samu numfashi ta ce a yi shiru, yanzu za ta ba da shaida. Ta ce tana 'yar ƙarama, ginin ya kusa ƙarewa tafiya ta kama Yaya. Da zai hau jaki ya ce wa maginin, "In kun gama, a sa mini kwaɗo a ƙofa." Nufinsa a kulle gidan har ya dawo. Maginin kuwa zane ne a ransa, ya ɗauka ado ake nema. Ya rasa wane kwaɗon ake nufi, mai gida ya yi nisa, babu wanda zai tambaya. Da Yaya ya dawo ya tarar da ƙofa a buɗe, awaki na kwance a zaure, ga wannan abu a sama. Ya riƙe baki ya ce, "Wannan fa?" Maginin ya ce, "Ranka ya daɗe, ban tabbata wanda kake so ba, shi ya sa na haɗa maka duka biyun."

Liman ya dube ni, ya dubi bangon, ya ce, "Ashe abin gado ne. Gidan nan da 'ban tabbata ba' aka gina shi."

Na sauko ina karkaɗe ƙasa, na ce, "Haba Gwaggo! Kin san wannan tun a Fulatan kika bar ni ina ta wahala?"

Ta ce, "Sunan gida ka tambaye ni, ba ka tambaye ni bango ba. Kuma da na gaya maka a can, wa zai kawo ni na ga gidan Yaya kafin a cika shi da bokitai?" Ta shafa bangon da tafin hannunta, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Saura hukunci. Liman ya sa aka riƙe masa tsani, duk da ana hana shi, ya hau ya sa yatsansa a ramin. Da ya sauko ya ce, "Alhaji, malamanmu sun ce surar da aka huda cikinta, hudar da mai rai ba zai rayu da ita ba, ta fita daga abin da aka hana. Ni kuma a iya yawona ban taɓa gamuwa da kwaɗon da ake buɗe shi da makulli yana tsalle ba. Ka bar abinka."

Baffa ya daɗe yana kallon sama. Sannan ya ce, a hankali, kamar mai lissafin abin da zai saro, "Wato duk shekarun nan ana yi mini kukan kwaɗo, ashe rabin kukan ne kawai nawa." Ya juya wurin birkila ya ce a shiga da simintin ciki a yi daɓe. Ya juyo gare ni ya ce, "Injiniya, in za ka Kano ka gaya wa mai kawo mini kaya ya haɗo da kwaɗon ƙofa, manya da ƙanana." A ranar ban gyara masa sunan ba.

Domin kada na ba da labari fiye da yadda yake, dole na faɗi abin da aka rasa. An fasa taga a gefen dama don miƙa kaya, ta cinye dagi biyu da rabin na uku. An kafa kantar sayar da kaya a ƙarƙashin ɗaurin guga, an buga ƙusoshi a jikin bakunan ana rataye fitilu, abin da har yau nake jin zafinsa. Amma fuskar gidan ta tsira, da zankwayenta da makubarta, kuma ba a taɓa rubuta allon suna ba, domin ba a buƙace shi ba. Baffa ya jera kwaɗuna a igiya a ƙarƙashin surar, mutanen Gwangwan da na Daura ta nan Ƙaraye in sun shigo sai su ce a kai su kantin kwaɗo, su sayi ɗaya, su tsaya su ɗaga kai su nemi kafar makullin. Shi da kansa yake fitowa da sanda ya nuna musu, yana ba da labarin kamar shi ya gano.

Haka kuma dole na faɗa cewa labarin maginin daga bakin mutum ɗaya na ji shi, wadda take yarinya lokacin da abin ya faru, kuma wadda ta riga ta nuna mini cewa tana iya ɓoye shaida don ta samu shiga mota. Ita kuwa har ta koma ga Allah ba ta janye maganar rama ba. Kafin a mai da ita Fulatan ma sai da ta nuna wani lanƙwasasshen layi a ƙarƙashin surar ta ce akushi ne. A nawa ganin iyakar zane ce kawai, amma ban tabbata ba.

Na sha tunanin abin da zai faru da na ce "na ƙofa ne" tun ranar farko. Bangon zai tsira, ba shakka, amma da gidan zanzaro na nan a kan kafar makullin, da Baffa ya ci gaba da zama a ƙarƙashinsa da ɗar-ɗar yana zargin na rufe shi ne, da kuma Gwaggo ba ta sake shafa bangon yayanta ba. Abin da wannan mako ya koya mini shi ne, in ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ko da za a yi maka dariya a bainar jama'a, amma kada ka tsaya a nan. Ka nemi tsani ka hau, ka sa yatsa.